Yadda ake tsara wuraren wasa da shaƙatawa a filin unguwa tun daga tushe

Da zarar an ce unguwa ta samu fili za a yi wurin shaƙatawa, abinda ke fara zuwa bakin mutane shine a sayo lilo, a kafa raga biyu, a shafa fenti a buɗe. Toh a nan ake fara ɓata aikin. Sayen kayan wasa kusan shine mataki na ƙarshe, kafin a zo kansa akwai abubuwa da yawa da ya kamata kwamiti ya gama dasu, kuma yawancinsu ba kuɗi suke ci ba, lokaci da haƙuri suke ci. Abinda nake so mu riƙe tun daga farko shine filin nan na kowa ne, yaro ɗan shekara uku da kakarsa da budurwa da mai keken guragu duk suna da haƙƙi a ciki, ba na waɗanda suka fi ƙarfi ko suka fi baki kaɗai bane. Wasan yara ma ba alfarma bane ake musu, yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a sashe na 31 ta ambaci hutu da wasa a cikin haƙƙoƙin yaro.

Mataki na farko, takardu. Kafin kowa ya ɗaga diga ku tabbatar filin na waye, me hukuma ta ware shi dominsa, ina iyakarsa ta tsaya, kuma komai ya zama a rubuce da sa hannu. A kira safiyo ya auna a kafa alamar iyaka. Ku bincika ko akwai bututun ruwa ko wayar wuta a binne, ku ɗaga kai ku duba ko manyan wayoyin lantarki sun ratsa ta sama, domin ba a ajiye wurin wasa a ƙarƙashinsu. Sannan ku tambayi dattawan wurin me ake yi a filin a da. In tsohon juji ne, ko wurin da ake zubar da baƙin mai da tsofaffin batira, a gwada ƙasar tukuna, saboda ƙananan yara hannu suke sawa a ƙasa su kai baki, kuma gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Mataki na biyu, ku je ku zauna a filin ku kalla, kar ku zana komai tukuna. Da safe, da rana tsaka, da yamma, da dare, ranar aiki da ranar hutu, a raba aikin tsakanin ƴan kwamiti kowa da ɗan littafinsa yana rubuta su waye ke shigowa, me suke yi, ina suke zama, ta ina suke bi. Za ku ga wasu ƴan hanyoyi da ƙafar mutane ta riga ta fitar a cikin ciyawa, waɗannan ku zana su a taswira da kyau, don mutane sun riga sun gaya muku inda suke son bi, in kuka toshe da shuka ko shinge za su tattake su wuce ne kawai. Mafi muhimmanci kuma ku je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ku ga ina ruwa ke shigowa, ina yake kwanciya, ina yake fita. Akwai gwaji mai sauƙi, ku haƙa rami kamar zurfin santimita 30 a wurare daban daban, ku cika da ruwa ya tsotse, ku sake cikawa ku ga tsawon lokacin da zai ɗauka, inda ruwa ya kwana a rami bai shige ba toh wurin nan ba na filin ƙwallo bane ba na yashin yara bane sai an yi masa magudana. Ku lura da rana ma, ina inuwa take da hantsi, ina take komawa da la'asar. Duk wata babbar bishiya mai lafiya da kuka tarar ku sa ta a taswira a matsayin abinda ba za a taɓa ba, a zana komai a zagaye da ita, don inuwar da take bayarwa yau sai an yi shekaru kafin sabon dashe ya bada irinta. Hoton filin daga sama na Google Earth yana taimakawa sosai, a buga shi a babbar takarda a riƙa rubutu a kai.

Mataki na uku shine tambayar mutane, kuma dan Allah a nan ku tsaya sosai, don a nan ake zalunci ba tare da an sani ba. In kuka kira taro guda ɗaya kuka ce kowa ya zo ya faɗi ra'ayinsa, waɗanda za su cika wurin su ne masu lokaci da masu murya, matasa ƴan ƙwallo za su zo a ƙungiyance, a ƙarshe a tashi an ce jama'a sun zaɓi filin ƙwallo. Uwar da ke fama da yara uku bata zo ba, tsohon da gwiwa ke damunsa bai zo ba, mai keken guragu bai ma iya shiga ɗakin taron ba, ƴan mata sun zo amma basu yi magana ba. Saboda haka ku ne za ku bi su inda suke. A je makarantu a ba yara takarda su zana filin da suke so, a zauna da mata su kaɗai kuma mace ta jagoranci zaman, haka ƴan mata, haka tsofaffi, haka masu buƙata ta musamman, sannan a ƙwanƙwasa ƙofar duk gidan da ke jikin filin, don su ne za su sha hayaniya da ƙwallon da ke faɗawa tsakar gida, in ba a shigo dasu da wuri ba su ne za su zama masu adawa daga baya, kuma da gaskiyarsu.

Irin tambayar ma tana da muhimmanci. In ka ce ma mutum me kake so a saka, zai faɗi abinda ya taɓa gani a wani wuri ne kawai. Ka tambaye shi ina kake zuwa yanzu in kana son ka huta ko ka motsa jiki, me ke hana ka zuwa wannan filin, da wane lokaci za ka iya zuwa, wa kake zuwa dashi. A nan za ka ji ainihin magana: babu inuwa, babu wurin zama, babu banɗaki, duhu yayi yawa, manyan yara suna korar ƙanana, titin da ake tsallakawa akwai gudun motoci.

Akwai darasi mai kyau daga birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. A shekarun 1990 hukumomin birnin suka lura cewa ƴan mata da sun kai kamar shekara tara zuwa goma sai su fara ɓacewa daga wuraren shaƙatawa, samari kuma suna nan, dalili kuwa babban fili guda ɗaya ne, wanda ya fi ƙarfi shi ke mamaye shi. Da suka sake tsara wasu wuraren, irin su Einsiedlerpark, sai suka ƙara hanyoyin shiga da fita, suka gyara fitilu da wuraren zama, suka rarraba filin ya zama ƙananan wurare da yawa ta yadda rukuni ɗaya ba zai cinye duka ba, sai ga ƴan matan sun fara dawowa. Ba wani kaya mai tsada bane ya dawo dasu, tsari ne.

Ku kuma san su waye ainihin masu filin. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya bada shawarar cewa mazauna gari su samu koren fili na jama'a mai girman rabin hekta zuwa hekta 1 a cikin tazarar mita 300 daga gida, wato tafiyar kamar minti biyar. Ku zana da'irar nan a taswirarku, mutanen da ke cikinta su ne za su riƙa zuwa kullum, buƙatarsu ce a gaba.

Mataki na huɗu, lissafin fili, da tef da alƙalami. Hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 sau mita 100. Filin ƙwallon ƙafa irin na manyan wasanni mita 105 ne sau 68, wato murabba'in mita 7,140, ba a ma sa gefen da ake bari ba. Kunga kenan in filinku hekta ɗaya ne kuka ce sai cikakken filin ƙwallo, kun ba mutum 22 kusan komai, sauran unguwa su tsaya a gefe. Ni a ganina in dai filin bai haura hekta biyu ba, a haƙura da babban filin ƙwallo, a yi ƙarami na ƴan biyar biyar, mita 40 sau 20, wanda shine girman filin ƙwallon hannu ma, kuma rukuni rukuni za su riƙa shiga suna fita, mutane sun fi samun bugawa. Ƙwallon kwando mita 28 sau 15 ne, kwandon kuma tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Ƙwallon raga mita 18 sau 9, da sararin aƙalla mita 3 a kowane gefe, tsayin ragar mita 2.43 na maza, 2.24 na mata, don haka a yi turakun da za a iya ɗagawa a sauke. Badminton, wasan da ake buga ƴar ƙwallo mai gashin tsuntsu ta saman raga, mita 13.4 sau 6.1. Teburin tanis kuwa mita 2.74 ne kacal sau 1.525, ana iya zuba shi da kankare a ƙarƙashin inuwa inda iska bata kaɗawa sosai, ya yi shekara da shekaru ba abinda ya same shi. Dabarar da ta fi ita ce daɓe ɗaya mai amfani da yawa, a zuba kankare guda a ja layuka da fenti kala daban daban, yau kwando gobe raga jibi motsa jiki na rukuni. In wurin ya matse sosai, rabin filin kwando da kwando ɗaya ya wadatar.

Duk filin wasan ƙwallo a miƙar da tsawonsa kudu da arewa, in aka yi shi gabas da yamma rana za ta riƙa dukan idon ƴan wasa da safe da yamma, lokacin da aka fi wasa kenan. A ba daɓen ɗan gangare kaɗan, kamar santimita 1 a duk mita 1, don ruwa ya riƙa zurarewa. Sannan kar ku cike ko'ina da gini, ku bar wani sarari haka nan ba komai a kai, na guje guje da shimfiɗa tabarma da duk wasan da yara za su ƙirƙiro da kansu, wannan sararin sau da yawa yafi ko'ina cika.

Mataki na biyar, raba filin. Masu hayaniya da gudu a gefe ɗaya, can nesa da tagogin gidaje, masu son shiru a wani gefen, a tsakaninsu a sa hanya ko jerin bishiyoyi. Wurin ƙananan yara kar ya zama a bayan raga, kar kuma ya zama a bakin titi ko bakin ƙofar fita, inda dole ya kusanci titi a yi masa gajeren shinge da ake ganin ciki. Wurin ƴan shekara 2 zuwa 5 a raba shi da na ƴan 5 zuwa 12, amma kusa da juna yadda uwa ɗaya za ta zauna a benci ɗaya idonta na kan duka biyun. Kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, ku ɗauki farar ƙasa da turaku da igiya ku zana komai a ƙasa da ainihin girmansa, ku bar shi sati biyu ko uku, ku kira mutane su zagaya, yara su buga ƙwallo a cikin layin ku ga ina take faɗawa, a turo keken guragu a bi hanyar. Gyaran layin farar ƙasa shara ce kawai da tsintsiya, gyaran kankare kuwa sai an fasa.

Mataki na shida, abubuwan da ba a ɗaukar hotonsu amma su ke riƙe mutane: hanya, inuwa, wurin zama, banɗaki, ruwa, fitila. Na fi son a fara kashe kuɗi a kansu kafin lilo. Hanyar zagaye, wadda mutum zai bi ya dawo inda ya fara ba tare da ya juya ba, ita ce abinda ya fi yi ma mutane da yawa amfani, tsofaffi, masu hawan jini da ciwon suga da likita yace su riƙa tattaki, masu jego, yaro mai koyon keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a sati, yara ƴan 5 zuwa 17 kuma minti 60 a rana, kuma tafiya da ɗan sauri tana cikin lissafin. Ku auna tsawon zagayen ku rubuta a allo, mutum ya san in ya zaga sau kaza ya yi kilomita ɗaya. Faɗinta ya kai mita 1.8 don keken guragu biyu su wuce juna, samanta ya zama mai ƙarfi ba yashi ba, inda akwai tudu a yi gangare maimakon matakala, duk tashin mita 1 a ba shi tsawon aƙalla mita 12.

Benci a sa mai majingina da wurin dafa hannu, tsayinsa kamar santimita 45, don tsoho in ya zauna ya iya tashi, a jera su a kan hanyar ba da nisa sosai ba, a cikin inuwa, wasu suna kallon wurin yara wasu suna kallon juna don hira, a bar fili a gefen benci inda keken guragu zai tsaya. Bishiya a dasa irin da ya saba da ƙasar yankinku, mai faɗin kai, nesa kaɗan da daɓe don saiwa kar ta ɗaga shi, a guji masu ƙaya da masu guba irin su zurma da zaƙami a kusa da yara. Kafin su girma a yi rumfa. Banɗaki kuwa magana ɗaya ce, in ba a tanadi ruwa da mai wankewa ba kar a gina, amma ku sani rashinsa shi ke sa mata da tsofaffi da masu ƙananan yara basa daɗewa a wuri. A ajiye shi inda ake gani, ba can lungu ba, na mata daban na maza daban, ɗaya kuma mai faɗin ƙofa da sararin juya keke, kamar mita 1.5.

Tsaro ba doguwar katanga bace. Wurin da na waje baya ganin ciki shine wurin da ɓata gari ke so. Bryant Park da ke birnin New York a Amurka a shekarun 1970 ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya saboda shingen shuke shuke ya rufe shi daga titi, da aka gyara aka sake buɗe shi a 1992 abinda aka yi shine rage shingen, ƙara ƙofofi, gyara haske, da zuba kujerun da mutum zai ja ya kai inda yake so, jama'a suka cika wurin. Don haka shinge ya zama wanda ake gani ta cikinsa, ƙofa ta wuce ɗaya, a riƙa sassabe ƙananan shuke shuke ana datse rassan ƙasa na bishiya yadda ido zai riƙa wucewa, fitila kuma a jera ta a kan hanya da ƙofofi da banɗaki, hasken na kallon ƙasa ba cikin ɗakunan maƙwabta ba. In sola ce a tuna batir yana da ranar mutuwa, a sa canjinsa a lissafi.

Mataki na bakwai, yanzu ne aka zo kan kayan wasan yara, kuma nan ba wurin ganin dama bane, akwai ƙa'idoji da aka fitar bayan yara da yawa sun ji ciwo. A Turai akwai ƙa'idojin da ake kira EN 1176 da EN 1177, a Amurka hukumar kare lafiyar masu sayen kaya tana da nata jagoran, ku fara duba ko ƙasarku na da nata, in babu ku ɗauki ɗaya daga waɗannan ku ba mai walda ko kamfanin da zai kawo kayan. Mafi yawan raunin da ake ji a wurin wasa daga faɗowa ne, shi yasa abinda ke ƙasa ya fi abinda ke sama muhimmanci. Duk abinda yaro zai iya faɗowa daga kansa sama da santimita 60, kar a sa kankare ko kwalta ko bulo a ƙarƙashi, a zuba yashi mai laushi ko ɓarɓashin katako zurfin aƙalla santimita 30, ko shimfiɗar roba da aka yi don haka, kuma ya fita aƙalla mita 1.5 zuwa 1.8 daga jikin kayan ta kowane gefe. Kar wani abin hawa ya wuce mita 3, na ƙananan yara kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Kankaren da aka kafa ƙafafun kayan dashi a binne shi can ƙasa, kar kansa ya leƙo.

Lilo shi ya fi cin fili kuma shi aka fi matsewa. A gabansa da bayansa a bar ninki biyu na tsayinsa, in sandar sama mita 2.4 ce toh mita 4.8 gaba, 4.8 baya, ba benci ba hanya ba komai, a ajiye shi a gefen wurin wasan yadda yara ba za su riƙa giftawa ta gabansa ba. Mazauninsa ya zama roba mai laushi ba katako ko ƙarfe ba, ƙugiyoyin sarƙa a matse bakinsu ruf. Abin zamiya, wanda yaro ke hawa ta tsani ya sulalo, in ƙarfe ne rana na gasa shi har ya ƙona fata, roba ma tana zafi, a sa shi a inuwa ko a juya fuskarsa daga rana. Sai maganar ramuka da tazarar sanduna, wannan ku riƙe lambar da kyau: duk wata kafa da ke tsakanin santimita 9 da 23 haɗari ce, jikin yaro zai wuce kansa ya maƙale, ko dai ta yi ƙasa da 9 ko ta haura 23. Kar a bar kan noti ko ƙusa a waje da zai kama riga, kar a bar igiya tana reto da za ta iya naɗe wuya. Turakun ragar ƙwallo a kafe su a ƙasa da kyau, don yara suna lilo a jikin sandar sama, kuma an sha samun wadda ta kife ta kashe yaro. In za a yi amfani da tsofaffin tayoyi a huda su ta ƙasa kar su tara ruwa sauro ya samu gida. Tafki ko kududdufi kuwa, ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwa kaɗan, in ba mai tsaro na dindindin a bar shi kawai.

Amma fa kar tsoro yasa a yi wurin da ba daɗi. Yaro yana buƙatar ya hau, ya yi tsalle, ya gwada kansa, abinda ake kawarwa shine haɗarin da baya iya gani, kamar ruɓaɓɓen katako, ba wanda yake gani ya auna da kansa ba. Ɗan tudun ƙasa da aka tara, kututturen itace a kwance, manyan duwatsu marasa kaifi, ramin yashi, duk suna riƙe yara fiye da wasu kayan ƙarfe masu tsada. Tun 1943 a Emdrup ta ƙasar Denmak aka buɗe filin da aka ba yara katakai da tarkace suna gina abinsu, ra'ayin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ku kuma tuna da yaron da baya iya hawa, a yi lilo mai faɗi kamar kwando da za a kwantar dashi a ciki, a yi teburin yashi da keke zai shiga ƙarƙashinsa, hanya mai ƙarfi ta kai har bakin kayan.

Mataki na takwas, kuɗi. A rubuta kasafi gida biyu, na ginawa da na kulawa duk shekara, kuma duk abinda ba a san wa zai gyara shi da kuɗin wa ba, a cire shi daga zane komai kyansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba sai lilo ya tsinke za a fara neman wanda zai biya mai walda ba. Masu bada tallafi sun fi son biyan sabon abu da za a sa sunansu, ba kasafai suke biyan shara da ban ruwa da fenti ba, don haka tun wajen roƙo ku nemi a haɗa da kulawar shekarun farko. A yi aikin zango zango, na farko gyaran ƙasa da magudanar ruwa da hanya da dashen bishiya da benci, na biyu wurin yara da daɓen wasanni, sauran su biyo baya, amma zanen gaba ɗaya ya kasance a hannu tun farko, bututu da wayar da za a buƙata nan gaba a binne su kafin a zuba hanya. A zaɓi kayan da ake samun safayansu kusa, wanda mai walda da kafinta na gari za su iya gyarawa. A karɓi farashi daga ƴan kwangila aƙalla uku a rubuce, a biya kashi kashi bisa aikin da aka gani, a riƙe wani kaso sai an ga yadda aikin ya yi bayan ruwan sama. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a riƙa liƙa shi inda kowa zai karanta.

Mataki na ƙarshe, buɗewa da abinda ke biyo baya. Kafin ranar, wani wanda ya san aikin kuma ba shi ya gina ba ya zagaya da tef ya duba komai. A kafa allo mai gajerun dokoki da hotuna saboda wanda baya karatu, lokacin buɗewa da rufewa, shekarun da kowane wuri ya dace dasu, da lambar da za a kira in abu ya lalace. Daɓen wasanni a yi masa jadawali, a ware ma ƴan mata da ƙananan yara lokutansu masu kyau, ba tsakar rana da ba wanda ke so ba, kuma a samu mai tabbatar da an bi.

Dubawa hawa uku ce. Ta ido kullum ko duk bayan kwana kaɗan, a kwashe fasassun kwalabe, a mayar da yashin da ƙafa ta kwashe daga ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya, don nan ne yake fara zama rami. Ta hannu duk wata ɗaya zuwa uku, a girgiza kowane turke, a ɗaure noti, a duba sarƙa inda take cin juna, a kankare tsatsa a shafa fenti. Sai babba sau ɗaya a shekara, a tone gindin turaku a ga ko ƙarfe ya ci ko katako ya ruɓe, don daidai inda ya haɗu da ƙasa yake fara lalacewa. Duk abinda aka samu da matsala a cire shi ko a ɗaure shi a ranar, a rubuta a littafi da kwanan wata da sunan wanda ya duba. Bayan wata shida ku koma da ƴan littattafan nan na mataki na biyu ku sake ƙirga masu zuwa a lokuta iri ɗaya, maza nawa mata nawa, yara nawa tsofaffi nawa, wane lungu ne ba kowa. Rukunin da kuka ga babu su ku je ku tambaye su dalili, amsarsu ita za ta faɗa muku abinda za a fara yi da kuɗin zango na gaba.